Italiya da ƙafa: littafin aikin birane takwas

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024, Peruja

Yau na buɗe sabon littafi, na rubuta sunayen birane takwas a shafin farko: Peruja, Firenze, Lukka, Roma, Bolonya, Benis, Napoli, Palermo. Niyyata in taka kowannensu da ƙafata, lungu-lungu, in rubuta hanyar da na bi da abin da na kashe, in haɗa ɗan jagora da Hausa don 'yan uwa masu zuwa ƙasar nan karatu ko fatauci. Mutum zai taso daga Kano ko Maraɗi, ya yi mako biyu, ya koma bai san ko'ina ba sai tasha da ɗakin otal, don an ce masa kallon gari na masu hannu da shuni ne. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sharuɗɗa uku na gindaya wa kaina. In na sauka a tasha, ba bas, ba tasi, sai na gama da garin. Kuɗin rana kada ya haura Yuro 50, har da makwanci, ban da kuɗin jirgin zuwa da dawowa. Kuma hanyar da ban taka ba, ba zan rubuta ta ba.

Na fara da garin da nake zaune. Makarantarmu, jami'ar da ke koya wa baƙi Italiyanci, tana daura da wata ƙofar gari da Etruskawa, mutanen da suka riga Romawa mulkin yankin, suka gina tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wata takwas ina wuce ta da sassarfa, sai yau na tsaya na ɗaga kai. Manyan duwatsu ne aka sassaƙa aka ɗora kan juna ba ƙasar gini a tsakani, a can sama kuma Romawa sun ƙara rubutunsu, Augusta Perusia. Daga nan na haura tsakiyar gari, na gangara cikin Rocca Paolina. A 1540 mutanen Peruja suka yi wa Fafaroma Paul na Uku bore a kan harajin gishiri. Da ya ci su da yaƙi, sai ya danne unguwar manyan garin da katafaren sansani. Gidajen da lungunan suna nan a ƙarƙashi har yau, matakala mai lantarki ta ratsa su, ma'aikata na bi safe da yamma, kyauta. Kana tafe a lungu mai ƙofofi da tagogi, ka ɗaga kai, ba sama sai rufin bulo.

Abin da na kashe: kofi ɗaya a tsaye, Yuro 1.20. A ƙasar nan farashin kofi biyu ne a yawancin shagunan tsakiyar gari, na wanda ya sha a tsaye a gaban kanta da na wanda ya ja kujera.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan dawowa daga Firenze

Kwana biyu na yi. Na sami gado a masaukin matafiya, mu takwas a ɗaki, gadaje hawa biyu, Yuro 31 a dare, ga kuma harajin kwana da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane baƙo. Dole in rubuta wannan harajin da manyan baƙaƙe a jagoran, domin sau da yawa ba ya cikin farashin da ake gani a intanet.

Daga tasha zuwa babbar majami'ar garin tafiyar minti goma ce. Kubbarta ita ce abin kallo. Brunelleschi ya gina ta daga 1420 zuwa 1436, da bulo, ba tare da ya kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Ya jera bulon a karkace yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Hawanta matakala 463 ne, kuma da kuɗi. Ban hau ba. Wanda ke kan kubba ai ba ya ganin kubba.

Na bi ta Ponte Vecchio, gadar da aka gina a 1345, wadda shaguna ke maƙale a gefenta kamar sheƙar tsuntsu. Da can mahauta ne a kanta, suna zubar da tarkacen yanka a kogin Arno, sai aka tashe su a 1593 aka zuba maƙeran zinariya. Su ne har yanzu. A unguwar Santa Croce kuwa na riƙa cin karo da ƙananan alluna a bango masu layi ɗaya da kwanan wata: 4 ga Nuwamba, 1966, ranar da Arno ya yi ambaliya. Wasu sai na ja da baya kafin in iya karanta su, saboda tsayin inda ruwan ya kai. Yau shekara 58 cif.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a kasuwar San Lorenzo ya faru, wajen masu rumfunan jaka da ɗamara. Ƙanshin fata ya cika layin, irin wanda na sani tun ina yaro a Ƙofar Wambai. Sai na ji Hausa a bayana, wani dattijo yana waya. Na jira ya gama.

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa."

"A'a! Ikon Allah. Ɗan samari, kai kuma daga ina a nan?"

Ashe fata yake kawowa Santa Croce sull'Arno, garin majema da ke tsakanin Firenze da Pisa. Ya ɗauki wata jaka, ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci.

"Ka ji laushin nan? Akuya ce. Jar akuyarmu ta Sakkwato haka take in ta sha jima mai kyau. Mu mu sayar da fata, su su sayar da suna."

"Alhaji, ka taɓa hawa tudun can na ƙetaren kogi ka hango garin?"

"Ɗana, zuwana na tara ke nan, ban ma san da tudun ba."

Da la'asar muka haye kogi tare, muka kama hawan San Miniato al Monte. Sau biyu ya tsaya ya huta, ya dafa kafaɗata. Da muka isa, rana ta yi ja, ga garin kwance a ƙasa, jajayen rufi, kogi da gadojinsa a jere, kubbar nan a tsakiya ta fi komai tsayi. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ciro waya ya kira gida, ya juya musu ita su gani. Ko sisi ba mu biya ba. Saboda irin su Alhaji nake wannan aikin.

Abinci: masu kura suna sayar da lampredotto, tumbin saniya ne dafaffe a cikin burodi, yana ƙamshi kamar farfesun kayan ciki. Ban san yankan ba, na haƙura. Na sayi burodin garin, wanda ba a sa masa gishiri, da cuku da tumatir a kantin unguwa. Jimillar abin da na kashe: ranar farko Yuro 47, ta biyu 44.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, Lukka

Ganuwar Lukka tana nan cikakkiya, kilomita 4 da 'yan kai, ba inda ta yanke. An gina ta tsakanin ƙarni na 16 da na 17 don tare igwa, shi ya sa ta fi faɗi a kan tsayi. Abokin gaba bai taɓa gwada ta ba. Babban abin da ta tare shi ne ambaliyar kogin Serchio a 1812. Daga baya, a ƙarni na 19, aka mayar da samanta wurin shan iska. Na zagaye ta sau biyu, jiya da yamma da yau bayan asuba. Bishiyoyi a jere hagu da dama, tsofaffi a kan keke, mata suna tura jarirai, ganye ya zube ja da rawaya. Ta ciki kana hango hasumiyar Guinigi mai itatuwa a kanta, ta waje kuma fili ne kore da ba wanda ya kafa ko kes a ciki.

Filin nan na wajen ganuwa shi ya sa jikina ya yi sanyi. Badalar Kano ta girmi wannan da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin Sarki Gijimasu aka aza harsashinta. Na kira Baba.

"Baba, ka ga inda nake tafe? A kan ganuwa ne."

"To, madalla. Mu ma muna yara haka muke hawa badala, mu hango Dala da Goron Dutse. Yanzu ka je ka nemo inda za ka sa ƙafa."

Na san tamu ta ƙasa ce, damina na cinta, tana son yaɓe kowace shekara. Amma ba ruwan sama ne ya yanka ta filaye ba. Mutanen Lukka sun riƙe tasu ne domin kullum suna kanta. Abin da ƙafa ke takawa kowace yamma ba a sayar da shi a ɓoye.

A wani gidan gashi na ci cecina, wata faffaɗar waina ta garin wake da man zaitun, ba nama a cikinta ko kaɗan. Yuro 3, ta riƙe ni har dare. Jimilla 41.

Talata, 19 ga Nuwamba

An ci ni tara a hanyar dawowa. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa sai an cusa shi a wata 'yar na'ura a bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin a shiga. Ina sauri, ban buga ba. Kuɗin makwancin dare ɗaya ya tafi. Wannan zai zama gargaɗi na farko a shafin farko. Na kuma canza takalmi, tsohon ya yi mini kanta a diddige.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan kwana uku a Roma

Roma ta fi ƙarfin kwana uku, na san haka tun kafin in je. Na raba ta gida uku.

Juma'a na tashi daga Piazza del Popolo, na ratsa lambun Villa Borghese da unguwar Parioli har babban masallaci, wanda aka buɗe a 1995. Ginshiƙansa farare ne, sun rarrabu a sama sun sarƙe kamar kan dabino. Bayan sallah harabar ta koma kasuwa, 'yan Maroko da Masar da Bangaladash da Senegal kowa da abincinsa. A nan na ci naman farko tun da na fara wannan yawon, hankalina kwance.

Ruwan sha a Roma kyauta ne. Akwai famfunan ƙarfe a titi sama da 2,000, suna kiran su nasoni, wato masu dogon hanci, tun shekarun 1870 aka fara kafa su, kuma ba sa ɗaukewa dare da rana. Wani yaro ɗan makaranta na gani ya toshe bakin famfon da yatsa, sai ruwan ya yi tsalle ta wani ɗan rami a saman bututun, ya kafa baki ya sha ba tare da ya sunkuya ba. Na gwada, haka ne. Ruwan sanyi ƙalau. Gora ɗaya na shiga da ita garin, da ita na fito, kuma a irin famfon nan na yi alwala a lambu.

Asabar na ba wa Via Appia. Na fita ta ƙofar San Sebastiano, a jikin ganuwar da Sarki Aurelian ya gina a shekarun 270. Cikin ƙofar akwai ɗan gidan tarihi da ake shiga kyauta, har a taka wani sashe na ganuwar. Hanyar kanta a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara shimfiɗa ta. Farkonta ba daɗi, motoci na wucewa dab da kai, ba gefen masu ƙafa. Amma da ka wuce kabarin Cecilia Metella sai duniya ta yi tsit. Baƙaƙen duwatsu masu faɗi kamar faifai, sun yi sulɓi, wasu da kwarin da ƙafar amalanke ta ci a jikinsu. Na tsuguna na sa tafin hannu a ɗaya, ya shige har wuyan hannu. Kaburbura a gefe, dogayen itatuwa masu kai kamar lema, can nesa garken tumaki. Na yi tafiyar awa biyu kafin na tuna cewa da ƙafar zan dawo. Wayata ta ƙirga kilomita 23 a ranar.

Lahadin farko na kowane wata ana shiga gidajen tarihi na gwamnati kyauta, har da Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa, wanda aka buɗe a shekara ta 80. Na isa kafin ƙarfe takwas na tarar da layi ya riga ni. Na shiga, na gani, amma safiyar ta tafi. Ra'ayina: mai kwana uku kacal ya auna, domin ranar kyauta da lokaci ake biyanta. Inda na biya da daɗin rai shi ne Pantheon, tsohon haikalin Romawa, Yuro 5 a lokacin, kuɗin da aka fara karɓa a 2023. Faɗin kubbarsa mita 43, an zuba ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, tsakiyarta a buɗe, ruwan sama na shigowa ya tsiyaye ta ƙananan ramuka a daɓen.

Garin cike yake da shinge da ƙarafan gyara saboda bikin shekara mai tsarki ta Katolika da za a buɗe ranar 24 ga wannan wata. Maɓuɓɓugar Trevi ma an kwashe ruwanta ana wanke ta. Sai na sake taka wannan sashen kafin in rubuta shi. Abu ɗaya kuma: matakalar Piazza di Spagna, tun 2019 an hana zama a kanta, da tara mai nauyi.

Makwanci ya yi tsada. Jimillar ranakun uku: Yuro 52, 46, 49. Rana ɗaya ta karya sharaɗi.

Lahadi, 15 ga Disamba, Bolonya

An wuni ana yayyafi, ban jiƙe ba. Titunan garin rumfuna ne na gini a gaban gidaje, sun haɗe da juna, jimillarsu kilomita 62. Asalinsu cunkoson ɗalibai ne: jami'ar garin tun 1088 take, masu gida suka riƙa faɗaɗa bene zuwa kan titi suna tokare shi da ginshiƙi, har a 1288 hukuma ta mayar da abin doka. Na bi mafi tsawonsu zuwa tudun San Luca, kusan kilomita 4, baka 666, rabin ƙarshe duk hawa ne. Hasumiyoyin nan biyu na tsakiyar gari a killace suke tun Oktoban 2023, saboda ƙaramar, Garisenda, ta karkace fiye da kima.

A tasha akwai agogon da aka tsayar a 10:25, lokacin da bam ya tashi ranar 2 ga Agusta, 1980, ya kashe mutum 85. Sunayensu da shekarunsu na jikin bango a ɗakin jira. Na karanta su duka kafin jirgina ya zo.

Gargaɗi ga Musulmi: nan ne gidan alade. Ba nama kaɗai ba, kitsensa, strutto, yana shiga burodi da gurasarsu. A haddace kalmar, a tambaya, a duba bayan leda. Duk wanda na tambaya ya ba ni amsa ba tare da ɓata fuska ba. Jimilla 43.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025, bayan Benis

Da gangan na zaɓi tsakiyar hunturu. Kuɗin shiga gari na Yuro 5 da aka fara karɓa daga masu wuni a Afrilun 2024 ba ya aiki a wannan lokacin, makwanci ma ya sauko. Na kwana a Mestre, a kan tudu, na riƙa shiga da ƙaramin jirgin ƙasa, minti goma a kan doguwar gada.

Benis ita ce ta fi dacewa da sharaɗina, don ba mota ko ɗaya. Jirgin ruwan haya Yuro 9.50 ne, kwalekwalen gondola Yuro 90 na rabin awa. Gadoji sun haura 400, duk kyauta. Sau ɗaya na hau ruwa: akwai kwalekwalen fito da ke tsallakar da mutane babban mashigi zuwa kasuwar kifi ta Rialto, Yuro 2, 'yan gari a tsaye suke yin sa da ledar cefane a hannu. Na ƙidaya shi fito, ban ƙidaya shi mota ba.

Hazo ya rufe ko'ina, na ɓata ya fi a ƙirga. Lambar gida a nan ba ta bin titi, unguwa take bi, sai ka ga ƙofa mai lamba dubu biyar da wani abu. A kusan kowane dandali akwai bakin rijiya na dutse, an rufe da murfin ƙarfe. Ba ruwan ƙasa suke ja ba, gishiri ne. An haƙa rami ne a ƙarƙashin dandalin, aka shafe shi da yumɓu, aka cika da yashi, ruwan sama ya bi ta ramukan daɓe ya tace ya taru. Da haka suka rayu har aka jawo musu famfo a 1884. Gari a tsakiyar ruwa yana tattalin ɗigon sama kamar mutanen Sahel.

Akwai abin da ya dame ni. Mazauna tsohon garin sun kai kusan 175,000 a 1951, a 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000. Irina, mai kwana a waje, ya shigo da burodinsa a jaka, ya cika lungu ya fita bai bar komai ba, yana cikin abin da suke kuka da shi. Rana ta biyu na bar guzurin, na ci a wani ɗan shago a unguwar Cannaregio inda masu aikin jirgi ke ci, kifi a kan burodi, a tsaye. A jagoran zan rubuta cewa arha ba ta halatta a zauna a matakalar gada ana cin abinci a tare wa tsohuwa hanya; dokar garin ma ta hana. Jimilla Yuro 45 da 50.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, Peruja

Napoli na yi ta ranakun 8 da 9, kuma ita ce mafi arha, Yuro 38 da 36. Na bi Spaccanapoli, miƙaƙƙen lungun da ya tsaga tsohon gari biyu a kan shatin da Girkawa suka ja, shanya a sama, babura a ƙasa. Fiza ana naɗe ta gida huɗu a takarda a miƙo maka, ka ci kana tafe. Mai gashin ya tambaye ni ƙasata, da na ce Najeriya sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗaga hannu biyu: "Osimhen!" Ƙwallo 26 ya ci musu a kakar da suka ɗauki kofi a 2023, bayan shekara 33 suna jira. A 2024 ya tafi Turkiyya aro, amma a wannan lungun sunansa ne ya sa aka ƙara mini cuku.

Birane bakwai sun kammala, shida na mayar da su rubutu mai tsabta da taswirar hannu. Da na tattara lissafin, kusan kashi biyu cikin uku na abin da na kashe a makwanci ya tafi, sauran yawanci inda na yi gaggawa ne ko na nemi kujera.

Saura Palermo. Azumi na kamawa farkon Maris, don haka sai bayan sallah. Musulmi sun mulki garin daga 831 zuwa 1072, sunan unguwar Kalsa daga al-Khalisa ya fito, kuma a can al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu. A shirayin babbar majami'ar akwai ginshiƙi mai ɗauke da aya daga Suratul A'araf, ina so in tsaya a gabansa in karanta da idona. Na yanki tikitin jirgin ruwa na dare daga Napoli, ranar Juma'a 4 ga Afrilu, kujera ba ɗaki ba. A hanyar dawowa zan sauka Roma in sake taka layin Trevi. Alhajin fata ya yi waya shekaranjiya, ya ce zai shigo a watan Mayu, in ajiye masa kwafin Firenze da na Lukka.